Birkin Ganga: Yadda Ake Gano Dalilin Riƙewarsa da Ƙararsa a Tayoyin Baya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota daga Ƙofar Mata ya nufi Kasuwar Kurmi da hantsi ya san cewa ƙafar direba ta fi daɗewa a kan birki fiye da kan totur. Birnin da Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara kewayewa da ganuwa, wanda kuma Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ya kafa masa kasuwa, an tsara lungunansa ne domin masu tafiya a ƙasa da jakuna da raƙuma. A yau kuwa mota da babur da a-daidaita-sahu da masu tura kura da yara 'yan makaranta ne ke rububin hanya guda. Motar da ke gudun kilomita 30 kacal a awa tana cin fiye da mita 8 a kowane sakan. Ke nan birkin da ya yi jinkirin sakan ɗaya, ko ya fizgi mota gefe, ya isa ya jefa iyalai biyu cikin baƙin ciki.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan birkin tayoyin baya irin na ganga, wanda kanikawa ke kira dram. Za a duba yadda yake aiki, da abin da ke sa shi riƙewa bayan an ɗaga ƙafa, da ma'anar ire-iren ƙarar da yake yi, sa'an nan a kawo matakan bincike bi da bi. Manufa ita ce mai mota ya je gareji da sanin abin da ke damun motarsa, ɗan koyo kuma ya saba da bin dalili kafin ya kama sifana.

Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1902 ne Louis Renault na ƙasar Faransa ya fito da birkin ganga irin wanda aka sani yanzu. Da farko sanduna da wayoyi ne ke jan sa. Daga baya Malcolm Loughead na Amurka ya ƙirƙiro hanyar tura birki da mai, kuma motar Duesenberg ta 1921 tana cikin na farko da suka zo da wannan tsari a tayoyi huɗu. Birkin faifai, wato disk, ya yi suna ne bayan da motar Jaguar ta ci gasar Le Mans da shi a 1953, daga nan ya mamaye tayoyin gaba sannu a hankali.

Amma ganga ba ta bar tayoyin baya ba. Tana da araha, tana daɗewa, kuma haɗa ta da hambirki yana da sauƙi. Peugeot 504 mai dogon baya da a-kori-kura, waɗanda suka cika tashoshin Arewa bayan da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, da ganga suka zo a baya. Haka yawancin ƙananan Golf da Corolla da bas ɗin Hiace. Hatta motar lantarki ta Volkswagen ID.3, wadda aka fara sayarwa a 2020, ganga aka sa mata a baya. Saboda haka sanin wannan na'ura ba ilimin da ya tsufa ba ne.

Yadda Birkin Ganga Ke Aiki

Ganga tana kama da tasar ƙarfe da aka kife. An yi ta da ƙarfen zubi, an ɗaure ta da taya, tana juyawa tare da ita. A cikinta akwai farantin ƙarfe da ba ya juyawa, wanda aka ɗora sauran kayan a kansa. Mafi muhimmanci su ne shu guda biyu masu siffar jinjirin wata, kowanne an manna masa layinin, wato ɓangaren da ke gogar cikin ganga. A tsakanin kawunansu na sama akwai ƙaramar silinda mai fistin biyu. Akwai sifirin masu ƙarfi da ke jawo shu baya, da wasu ƙanana da ke danne su a jikin faranti, da ajasta mai daidaita tazarar da ke tsakanin shu da ganga, da kuma hannun da kebur ɗin hambirki ke ja.

Idan direba ya taka feda, fistin da ke cikin masta yakan matsa man birki. Blaise Pascal (1623–1662) ne ya bayyana ƙa'idar da ke aiki a nan: matsin da aka yi wa ruwa a cikin rufaffen mazubi yana isa ko'ina a cikinsa ba tare da ya ragu ba. Don haka matsin yakan bi bututu ya kai ga silindar taya, fistin biyu su buɗe, shu su manne da ganga. Ɗaya daga cikin shu ɗin ma juyawar gangar ce da kanta ke ƙara cusa shi, shi ya sa ƙaramin taki ke haifar da babban riƙo, shi ya sa kuma wannan shu ya fi ɗan'uwansa saurin cinyewa.

Abin lura shi ne yadda birkin ke saki. Babu wani matsi da ke janye shu daga ganga. Sifirin ne kaɗai ke jawo su, su kuma su mayar da fistin ciki, man ya koma masta ta wata 'yar ƙaramar kafa. Ƙarfin da ke kama birki babba ne, ƙarfin da ke sakinsa ƙarami ne. Duk abin da ya rinjayi sifirin, ko tsatsa ce, ko laka, ko man da ya rasa hanyar komawa, zai bar birki a riƙe. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin darasin.

Ina Ƙarfin Gudu Ke Tafiya?

Masana kimiyyar fiziya sun tabbatar da cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Aikin birki shi ne ya mayar da ƙarfin gudu zuwa zafi ta hanyar gogayya. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,000, tana gudun kilomita 60 a awa, tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kilojul 139. Wannan ya kusa isa ya tafasa rabin lita na ruwa. Idan gudun ya ninka sau biyu, zafin yakan ninka sau huɗu. Da yake nauyin mota yana karkata gaba a lokacin tsayawa, tayoyin gaba ne ke ɗaukar kaso mafi yawa na wannan aiki, kimanin kashi biyu cikin uku ko fiye. An ƙera gangar baya ne domin ta ɗauki ƙaramin kaso, ta huce, sa'an nan ta sake ɗauka.

To, yaya abin yake idan ba ta sami hutu ba? Alal misali, a ce shu ya riƙe taya da ƙarfin niyuton 100, wato kwatankwacin nauyin kilo 10, motar kuma tana gudun kilomita 40 a awa. Zafin da ake samarwa ya haura wat 1,100, daidai da dutsen guga na lantarki da aka bari a kunne a cikin gangar. A minti goma an tara kilojul 660 da ɗoriya. Da a ce iska ba ta kwashe komai, wannan ya isa ya ɗaga zafin ganga mai nauyin kilo 5 da kusan digiri 290 a ma'aunin Salshiyos. Iska tana kwashe wani kaso, amma a cunkoson Mandawari ko Ƙofar Wambai, a watan Afrilu da zafin gari kan kai digiri 40, iskar ba ta da yawa.

Illar wannan zafi tana da yawa. Fuskar layinin takan ƙone ta yi santsi kamar gilashi, ta rage kamu. Ganga takan buɗe, feda ta yi nisa kafin ta kama. Giris ɗin boris yakan narke ya tsiyaye. Mafi haɗari shi ne tafasar man birki. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana shan laima daga iska, kuma idan ruwan da ke cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin yakan sauko zuwa 140 da 155. Da zarar ya tafasa, tururi ya shiga bututu. Tururi kuwa yana matsuwa, saɓanin mai. Sai direba ya taka feda ta tafi har ƙasa, mota ba ta tsaya ba.

Abin da Yanayin Kano Ke Jawowa

Ganga a rufe take, amma ba rufin da zai hana ruwa da ƙura shiga ba. Abin da ya shiga kuma da wuya ya fita. A watan Agusta, lokacin da damina ta fi ƙarfi, kwatoci da kududdufai na cikin birni sukan cika su malalo kan hanya, musamman a unguwannin da ke kusa da Jakara. Motar da ta ratsa wannan ruwa takan ɗebi laka da yashi a cikin gangarta. Idan aka ajiye ta a jiƙe aka ja hambirki, ƙarfen zubi yakan yi tsatsa cikin dare ɗaya, tsatsar ta manne layinin da ganga. Da safe sai a ji mota ta ƙi motsi, ko ta saki da ƙara kamar an buga guduma.

Da hunturu kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, takan haɗu da garin layinin da ya cinye, ta taru a ƙasan ganga. Ga kuma motoci da kayan gyara na hannu da ake shigowa da su daga Turai. A ƙasashe da yawa na can ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara, gishirin kuma yana cin kebur da bututu da faranti. Sau da yawa mota takan iso Kano da tsatsarta a ɓoye, damina ta ƙarasa aikin.

Dalilan Riƙewa

Ana iya kasa dalilan gida biyu: na ƙarfe da na mai.

A ɓangaren ƙarfe, wanda ya fi yawa shi ne kebur ɗin hambirki. Wayar tana gudana ne a cikin kube. Idan robar kuben ta tsage, ruwa ya shiga, wayar takan yi tsatsa ta cije. Hannun direba yana da ƙarfin da zai ja ta, amma sifirin ba shi da ƙarfin da zai mayar da ita. Na biyu shi ne sifirin da ya saki ko ya karye. Zafi mai tsanani yana kashe ƙarfin sifirin, saboda haka riƙewa ɗaya takan haifi ta biyu. Na uku shi ne wuraren da gefen shu ke zamewa a jikin faranti. Idan suka bushe, shu yakan haƙa musu rami, ya riƙa maƙalewa a ciki. Na huɗu shi ne ajasta da aka ɗaure fiye da kima, ko aka juya na dama zuwa hagu wajen haɗawa. Na biyar shi ne layinin da ya ɓamɓare daga jikin shu ya cusa kansa tsakanin shu da ganga. Wannan yana iya kulle taya farat ɗaya ana cikin tafiya.

A ɓangaren mai, silindar taya ce kan gaba. Ruwan da man birki ya sha yakan kwanta a cikinta ya sa fistin ya yi tsatsa, ya fita da ƙyar ya kasa komawa. Sai kuma tiyon roba da ke haɗa bututun jikin mota da na aksul. Idan ya tsufa, cikinsa yakan ɓare ya zama kamar ƙyaure: mai ya wuce da ƙarfin taki, ya kasa dawowa. Daga waje ba a ganin komai. Na ƙarshe ita ce masta. Idan aka ɗaure sandar feda har babu 'yar tazara, ko robobin ciki suka kumbura, 'yar kafar da mai ke komawa takan toshe. Babban abin da ke kumbura robobin shi ne man da ba na birki ba. Man inji da man giya da kananzir da fetur duk dangin man ƙasa ne, robar birki kuwa ba ta jure musu. Cokali ɗaya ya isa ya lalata robobin mota baki ɗaya.

Akwai kuma wata matsala mai kama da riƙewa, wato fizga. Idan man birki ko man aksul ko giris ya jiƙa layinin, ya haɗu da ƙura, yakan yi danƙo. Da an taɓa feda kaɗan sai tayar ta cafke ta ja ƙasa, daga baya kuma idan ta yi zafi ta rasa kamu sam.

Matakan Bincike

Ruwa ba ya tsami banza. Bakanike nagari yana fara bincike da tambaya da ido da hanci kafin ya kwance noti.

Mataki na farko shi ne tambaya. Yaushe abin ya fara? Bayan an ratsa ruwa ne, ko bayan mota ta daɗe a ajiye, ko bayan an yi mata gyaran birki? Da safe kawai yake faruwa ya wuce, ko kuwa ƙaruwa yake yi idan tafiya ta yi nisa? Riƙewar safe da ke wucewa ta fi kama da tsatsa. Wadda ke ƙaruwa da zafi tana nuna mai da ya rasa hanyar komawa, domin mai yana ƙara yawa idan ya yi zafi. Wadda ta biyo bayan gyara tana nuna ajasta ko kuskuren haɗi.

Mataki na biyu shi ne gwajin hanya. A sami shimfiɗaɗɗen wuri marar jama'a, a bar mota ta gangara a hankali ba giya. Lafiyayyar mota takan tsaya sannu a hankali. Mai riƙewa takan tsaya da wuri, da ɗan tirjiya a ƙarshe. Bayan tafiyar minti goma, a kusantar da bayan hannu ga kowace taya ba tare da an taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi, ko take warin ƙuna, ita ce abar zargi. Kada a watsa wa ganga mai zafi ruwa, domin sanyin gaggawa yana karkata ƙarfen zubi, wani lokaci ya tsaga shi.

Mataki na uku shi ne ɗaga mota. A tsaya a ƙasa mai tauri, a sa wa tayoyin gaba waigi, a ɗaga baya da jak, a tokare da abin tokara mai ƙarfi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A saki hambirki, a juya kowace taya da hannu. Ɗan sautin shafa ba laifi ba ne, amma ya kamata taya ta juya ba da wahala ba. Taya ɗaya ce ta riƙe, ko biyu? Idan ɗaya ce, matsalar tana kusa da ita: silindarta, ko sifirinta, ko reshen kebur ɗinta. Idan biyu ne, a nemi abin da suka haɗa: mahaɗar kebur, ko tiyon tsakiya a motocin da tiyo ɗaya ke ciyar da tayoyin biyu. Idan har da na gaba, masta ce ko sandar feda.

Mataki na huɗu shi ne rarrabe feda da hambirki. A taka feda a saki, a juya taya. Sa'an nan a ja hambirki a saki, a sake juyawa. Wanda ya bar taya a riƙe shi ne mai laifi. Idan hambirki ne, a leƙa ƙarƙashi a ga ko wayar ta koma cikin kubenta. Idan an tura ta da hannu taya ta saki, an gama bincike.

Mataki na biyar shi ne gwajin nonon fitar da iska da ke bayan silindar taya. Yayin da taya ke riƙe, a sassauta shi kaɗan. Idan mai ya yi tsartuwa taya ta saki nan take, to matsi ne ya maƙale, laifin yana sama, a tiyo ko masta. Domin a rarrabe su, a sake taka feda har taya ta riƙe, a sassauta notin bututu a bakin masta. Idan ta saki, masta ce. Idan ba ta saki ba sai an buɗe nono, tiyo ne ko bututun da ya lotse. Idan kuwa tun farko an buɗe nono mai ya ɗiga kawai, taya tana nan a riƙe, to laifin yana cikin ganga, sai a buɗe ta. Duk inda aka sassauta bututu, wajibi ne a fitar da iska kafin mota ta hau titi.

Ƙara da Ma'anarta

Mai goge yakan shafa ƙaro a jikin izgar bakansa. Izgar takan kama tsirkiya ta sake ta sau ɗaruruwa a sakan guda, ƙoƙon goge kuma ya ƙara sautin. Haka birki ke yi. Layinin yana kama ganga yana saki da sauri ƙwarai, ganga kuma, da yake siffarta ta ƙararrawa ce, sai ta amsa. Kowace irin ƙara tana da abin da take nunawa.

Siririn kuka mai tsini idan an taka birki a hankali yana nuna ƙura ta taru, ko fuskar layinin ta yi santsi, ko kuma an yi layinin da kaya masu tauri marasa inganci. Idan da safe kawai ake jin sa ya ɓace bayan taki biyu ko uku, siririyar tsatsar dare ce, ba abin damuwa ba.

Gurnani mai kauri kamar na dutsen niƙa yana nuna ƙarfe na cin ƙarfe: layinin ya ƙare, ko kawunan ƙusoshinsa sun fito, ko yashi ya shiga. Wannan mota ba ta tafiya ba ce sai gareji, domin kowane taki yana haƙa rami a jikin ganga.

Ƙarar shafa mai zuwa tana komawa daidai da juyawar taya, ko ba a taka birki ba, tana nuna ganga ta daina zama da'ira, ko faranti ya lanƙwashe yana taɓa ta, ko wani karyayyen sifirin yana yawo a ciki. Idan feda tana bugun ƙafa sama da ƙasa, ko hannun hambirki yana rawa idan an ɗan ja shi a ƙaramin gudu, ganga ce ta karkace. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo haka shi ne jan hambirki da ƙarfi a kan ganga mai tsananin zafi, domin idan ta huce takan tsuke a kan shu da ke tokare da ita ta ɓangarori biyu.

Ƙwanƙwasa guda ɗaya a farkon taki, musamman idan an sauya daga gaba zuwa baya, tana nuna shu yana da sako-sako, ko yana tsallake ramin da ya haƙa a faranti.

Gunji mai ƙaruwa da gudu, wanda ke sauyawa idan an karya kwana amma bai damu da feda ba, yawanci na boris ne. A riƙe taya sama da ƙasa a girgiza. Idan tana da wasa, boris ya ci, kuma boris mai wasa yana barin ganga ta karkata ta riƙa shafar shu. Mutane da yawa sun sayi shu sau biyu alhali boris ne ke ciwo.

Idan An Buɗe Ganga

Tsohuwar ganga takan yi leɓe a bakinta, inda shu ba ya gogawa, leɓen ya hana ta fita. Maganinsa shi ne a sassauta ajasta ta kafar da aka tanada, ba a yi ta dukan ganga da babbar guduma ba.

Kafin komai, a kula da ƙurar da ke ciki. Tun farkon ƙarni na 20 ake haɗa layinin da ma'adinin asbestos saboda jure zafi. Daga baya likitoci suka tabbatar da cewa zaren wannan ma'adini yana maƙalewa a huhu, ya haifar da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005, amma ba a iya gane layinin da ke ɗauke da shi da ido. Ɗan koyon da ke hura ganga da baki, ko da iskar injin faci, yana shaƙar abin da ba zai ji illarsa ba sai ya manyanta. A jiƙa ƙurar da maganin wanke birki ko ruwan sabulu, a goge da tsumma, a zubar da tsumman.

Daga nan a duba abubuwa kamar haka. Kaurin layinin: masu ƙera motoci da yawa sun sa iyaka tsakanin milimita 1 da 1.5. Robar bakin silinda: a ɗaga ta, idan akwai jiƙa a ciki, silindar tana yoyo. Fistin: a tura shi da yatsa, ya kamata ya motsa. Sifirin: wanda ya miƙe ko ya sauya launi ya gama aiki. Faɗin ganga: a kan rubuta iyakarsa a jikinta, yawanci milimita 1 zuwa 2 a kan faɗin asali. Gangar da ta wuce iyaka ta yi siriri, ba ta ɗaukar zafi, kuma fistin yana iya fitowa fiye da kima. A buɗe ɓangare ɗaya a bar ɗayan a haɗe, domin ya zama abin dubawa wajen mayarwa.

Gyara da Rigakafi

Ana sauya shu na tayoyin biyu tare, ko da ɗaya ne ya lalace, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe. Layinin da ya sha mai ba ya wankuwa. Ƙona shi da wuta ko jiƙa shi a fetur, kamar yadda wasu ke yi, ba ya fitar da man da ya shige ciki, da ya yi zafi zai sake tsattsafowa. Kuma sai an toshe inda man ya fito, in ba haka ba sabon shu zai bi sawun tsohon. Kebur da ya cije sauyawa ake yi. A shafa ɗan giris mai jure zafi a wuraren da shu ke zamewa da kuma zaren ajasta, a kiyaye kada ya taɓa layinin. A daidaita shu da ganga tukuna, sa'an nan a daidaita hambirki. Wanda ya ɗaure kebur domin ya ɓoye cinyewar shu ya shuka riƙewar gobe.

Wanda ya je sayen kaya a Ƙofar Ruwa ya tafi da tsohon a hannu domin gwadawa, ya kuma tuna cewa araha ba ta ado. Man birki a saya a rufaffiyar gora, irin wanda aka rubuta a murfin masta. Masu ƙera motoci da yawa suna ba da shawarar a sauya shi duk shekara biyu.

Ga direba kuma akwai ɗabi'u masu sauƙi. Bayan an ratsa ruwa, a yi tafiya kaɗan a hankali ana ɗan taka birki domin zafi ya busar da ganga. Motar da za ta kwana biyu a ajiye a shimfiɗaɗɗen wuri, musamman da damina, a bar ta a giya a sa mata waigi maimakon hambirki. Amma a riƙa amfani da hambirki a kullum, domin kebur da ba ya motsi shi ne ke cijewa, kuma a wasu motocin jan hambirki ne ke motsa ajasta. A buɗe ganguna a wanke su sau ɗaya bayan damina.

Kammalawa

An ga cewa mai ne ke kama birkin ganga, sifirin ne ke sakinsa, kuma riƙewa tana faruwa ne idan wani abu ya fi ƙarfin sifirin. An ga yadda ƙaramar riƙewa ke tara zafin da zai iya tafasa man birki. An kuma ga cewa tambayoyi kaɗan, wato taya nawa ce ta riƙe, feda ce ko hambirki, ta saki ko ba ta saki ba da aka buɗe nono, sun isa su kai mai bincike ga inda laifin yake ba tare da an sayi kayan da ba a buƙata ba. Tun 1988 da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa jami'anta ke tsayawa a kan hanya, amma ba sa ganin cikin ganga. Mai mota da bakanikensa ne kaɗai ke iya buɗe ta, kuma lokacin da ya dace shi ne ranar da aka fara jin ƙara ko warin ƙuna.